Wa Ke Korar Tsuntsu A Gonakin Kura Da Bunkure?

Mai karatu, wannan watan ka yi mini afuwa, ba sharhin fim na zo maka da shi ba. Tarihi na kawo, amma fim ne ya tsokano mini shi.

In ka taɓa hawa mota daga Kano zuwa Zariya, na san idonka ya sha kallon korayen gonakin nan da ke farawa da an haye gadar Tamburawa, a bi ta Karfi da Kura, har a dangana da Kadawa da Ciromawa. Ko a tsakiyar watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, nan wurin kore yake shar. 'Yan fim ɗinmu sun daɗe da gane haka, shi ya sa Tiga da kewayenta suka zama wurin zuwa ɗaukar waƙa. Kwanan baya ina kallon wata waƙa irin wannan, jarumi na bin jaruma a bakin gona, sai na hango wani ɗan ɗigo can baya a gefen hoton. Na tsayar, na mayar baya. Ashe yaro ne tsaye a tsakiyar shinkafa, yana jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye. Korar tsuntsu yake yi. Daƙiƙa biyu kacal ya yi a fim ɗin, kuma na tabbata da edita ya lura da shi da tuni ya yanke shi.

Ban san sunan yaron ba, amma na san irinsa. Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, a can nake yin dogon hutu ina yaro. Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda wata huɗu kawai na ba shi. Tare muke wanka a kanal, tare muke shan duka a kan haka. Ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, kafin in gama ƙirga yatsu ya faɗi kuɗin kwando goma sha bakwai. Yau ni ina da 'yar difilomata daga kwalejin fasaha, shi kuwa a aji biyar na firamare ya tsaya. Na daɗe ina cewa ƙaddara ce ta raba mu, kuma ƙaddara gaskiya ce. To amma ruwa ba ya tsami banza. Sababin namu yana da shekara, yana da sunaye.

Bari mu koma can kafin ruwan ya zo. A da, shekara kashi biyu ce a wurin yaron ƙauye. Damina ta gona ce, kowa yana gandun ubansa daga shuka har girbi. Da an zuba amfani a rumbu sai rani ya shigo, kuma rani shi ne lokacin neman ilmi da koyon sana'a. A lokacin ne malam ke kwasar almajiransa ya yi gabas, a lokacin ne samari ke tafiya cin rani. A Kura ma abin ya wuce nan. Tun ƙarni na 19 garin ya yi suna wajen rini da bugu. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, har cikin hamada Buzaye ke nemansa. Saboda haka yaron Kura na wancan zamani yana da abin da zai sa a gaba: ya zama marini, ko mabugi, ko falke mai kai kaya Agadas, ko alaramma. Ban ce babu talaka da mai kuɗi ba, akwai su, har ma da bayi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ɗan talaka da ɗan mai hali duk suna da rani. Wata biyar ko shida da gona ba ta neman kowa.

Ita kuwa boko, tun ranar da ta shigo Kano ta nuna 'ya'yan wa take so. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara tara mata, don a samu masu riƙe wa En'e littafin haraji da na shari'a. Talakan ƙauye kuwa, in dagaci ya aiko neman yaran da za a kai makaranta, ɓoye nasa yake yi, don a ganinsa wani sabon aikin tilas ne. Har aka samu mulkin kai a 1960 mafi yawan yaran karkarar Kano ba su taɓa leƙa aji ba.

Sai shekarun 1970 suka zo da abubuwa biyu a lokaci guda. Na farko ruwa. Gwamnan farko na Jihar Kano, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, mutum ne da ya yarda cewa in an tare ruwa an tare yunwa. Ya gina madatsar Bagauda, aka fara gwajin noman rani da ruwanta a Kadawa. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano. Ana cikin aikin sai ga farin nan na 1972 da 1973 da ya kashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa, sai kuma ga kuɗin man fetur sun fara zubowa daga ƙarshen 1973. Ga dalili, ga kuɗi. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ya zana aikin, aka ce kashin farko zai shayar da hekta 22,000. Kyawun abin shi ne ba a bukatar inji. Ruwa ne ke gangarowa da kansa daga Tiga ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi wajen Bunkure, ɗayan ya yi wajen Garun Malam da Kura. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Na biyu allo. A watan Satumba na wannan shekara dai ta 1976, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga fiye da miliyan 3 sun hallara. Aka yi ta gina ajujuwa a ƙauyuka cikin gaggawa, aka yi ta horar da malamai sama-sama. Dubi shekarar da kyau, mai karatu. Gwamnati ɗaya ce, da hannun dama ta miƙa wa manomin Kura ruwan da zai sa gonarsa ta yi aiki wata goma sha biyu, da hannun hagu kuma ta ce ya ba ta ɗansa daga Litinin zuwa Juma'a. Ba wanda ya zauna ya tuna cewa yaron nan guda ɗaya ne. Ranin da yake da shi a da, yanzu gona na so, makaranta na so.

Wa zai ci a wannan ja-in-ja? Amsar ba ɗaya ba ce a kowane gida, kuma a nan ne bambancin ya ɓuya. Da aka zo aikin, an karɓi gonakin mutane, aka baje su da manyan motoci, aka yanka magudanu da hanyoyi, aka mayar wa masu su bayan an zabge wani kaso. Dubban mutanen da tafkin Tiga ya cinye wa gidaje da gonaki kuwa, nasu labarin daban ne. To amma ko wanda aka mayar wa tasa, sai ya tarar gonar ta canza hali. Noman damina fartanya ce da iyali da addu'a. Noman rani kuɗi ne tun kafin a zuba iri: a biya tantan, a sayi iri, a sayi takin zamani, a biya kuɗin ruwa, a biya 'yan ƙwadago. Wata Baturiya mai bincike, Tina Wallace, ta zauna a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da rahotonta a 1979. Abin da ta gani shi ne ƙananan manoma da yawa ba su iya ɗaukar wannan ɗawainiya, sai su ba da gonakinsu haya, masu ƙarfi na cikin gari da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su karɓa. Ka tuna kuma a tsakiyar shekarun nan ne aka yi rabon Udoji, ma'aikaci ya samu kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa ba. Sai ya zama mai gona yana ƙwadago a gonarsa ta gado, wani Alhaji daga birni yana zuwa da mota ranar Asabar ya duba.

Ka ɗauki gidaje biyu a layi ɗaya. A gida na farko maigida yana da eka goma, tasa da ta haya. Ba ya bukatar hannun ɗansa, don yana da kuɗin sayen hannun wani. Ɗansa zai gama firamare, in makarantar ƙauye ta lalace a tura shi Kano wurin baffansa, ko a kai shi ta kwana. A gida na biyu maigida yana da rabin eka, ko ma ta tafi a jingina tun bikin babbar 'yarsa. Abin da kawai ya rage masa na sayarwa shi ne ƙarfinsa da na 'ya'yansa. Hannun da gida na farko ke saye, hannun yaron gida na biyu ne. Wato wancan yaron yana zaune a aji ne domin wannan yana tsaye a gonar uban wancan. Mu 'yan birni mun saba cewa mutanen ƙauye ba sa son boko, kamar wani ciwo ne da aka haife su da shi. Ni dai ban taɓa ganin babban manomin Kura da ya bar ɗansa yana korar tsuntsu ranar Talata ba.

Yanzu ɗauko kalandar makaranta ka ɗora ta a kan ta gona, ka ga abin mamaki. Zangon farko yana farawa a Satumba. A daidai lokacin ne shinkafar damina ke fitar da kai, kuma a lokacin ne jan-baki ke sauka kamar hadari. Tsuntsun nan ba ya hutun tara, ba ya tashi ƙarfe ɗaya. Tun da asuba yake zuwa, sai magariba, na tsawon makonni, kuma wuni ɗaya in aka yi sake zai iya mayar da wahalar wata huɗu ta zama ƙaiƙayi. Aikin ba ya son ƙarfi, tsayuwa yake so da ihu da majajjawa, saboda haka ba mai ɗaukar babban mutum ya biya shi kuɗin babba. Yaro ake nema. Zango na biyu, daga Janairu, ya faɗa cikin tsinkar tumatir, ga ban-ruwan alkama da albasa. Zango na uku kuma, lokacin jarrabawa, shinkafar rani ta nuna, jan-baki ya dawo. Yaron da ya rasa sati uku a nan, sati huɗu a can, ba korarsa ake yi ba. Komawa yake ya tarar an wuce shi, malam ya tambaye shi ya kasa, a yi masa dariya ko bulala. Shekara biyu a haka sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da ƙwaƙwalwar boko. Haka taubashina ya faɗa mini da bakinsa, mutumin da ke lissafin kwanduna da ka! Ga kuma tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da ake ɗauka a ruwan kanal, wanda muna yara har ɗauka muke alamar girma ce, alhali jinin yaro yake sha ya bar shi yana gyangyaɗi a aji.

Na 'yan mata ya bi ta wata hanya. A 1978 wata mai bincike, Sam Jackson, ta buga labarin wani yajin aiki da matan Hausawa suka yi a wannan yanki. Wani kamfanin Turawa ne ke noma kayan lambu ana kaiwa Turai, ya ɗauki mata, akasari manya waɗanda ba sa kulle, suna yi masa tsinka. Da suka ga ladan bai kai wahalar ba sai suka ajiye aiki. Kai, wannan labari ai fim ne sukutum, ban san abin da marubutanmu ke jira ba. To amma mafi yawan matan aure suna cikin gida, kuma su ma ruwan ya buɗe musu kasuwa. Ɗaruruwan 'yan ƙwadago da suka cika gonaki suna bukatar abinci, sai dafa-duka da ɗanwake da ƙosai da kunu suka samu masu saye. Daga baya turara shinkafa ya zama babbar sana'ar mata a Kura da Karfi. Madalla da wannan, mace ta samu nata. Sai dai matar da ke kulle ba ta kai tukunya gona da kanta. Ƙafarta ita ce 'yarta. Ribar tallan nan kuma da ita ake tara kwalla da gado da katifa, don ranar biki kada a ji kunya. In ka ce wa uwa ta tura yarinyar makaranta, ka ce mata ne ta rufe sana'arta, ta kuma aurar da 'yarta ɗaki wayam. Matar babban manomi ba ta da wannan damuwa, mijinta zai yi kayan ɗaki da kuɗin tumatir na sati guda. Masu karatunmu sun san Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma. Littafin ya fito tun 1990, kuma har yau in na shiga ƙauyen su mahaifiyata ina gamuwa da ƙannen Abu ɗauke da faranti a ka.

Kada in yi rashin adalci, an yi ƙoƙari. Da Alhaji Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ƙarƙashin PRP ta Malam Aminu Kano, ya soke haraji da jangali, abin da ya sauke wa talakan ƙauye wani dutse daga ka. A 1980 ya kafa hukumar ilmin manya, kuma da yawa daga cikin matan da suka zama masu karanta littattafanmu na soyayya, har da masu rubuta su, a irin waɗannan ajujuwa suka koyi haɗa baƙi. Kafin nan, a 1977, Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda 'yan fim da marubuta suka sani sarai, a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Ingila. Sun fitar da likitoci da injiniyoyi bila adadin, ciki har da 'ya'yan talakawa, kuma Dawakin Kudu maƙwabciyar Kura da Bunkure ce. Sai dai ba a shigarsu daga gona. Sai wanda ya gama firamare, ya shiga sakandare ya yi shekaru, sannan ya ci jarrabawar zaɓe. Tsani ne mai kyau, amma matakinsa na farko ya fi tsawon yaron da ke ɓacewa daga aji duk lokacin da shinkafa ta yi kai.

Da kuɗin mai suka karye a farkon shekarun 1980, makarantun UPE ne suka fara ji a jikinsu. Rufi ya yaye, benci ya ƙare, albashin malamai ya riƙa maƙalewa. Gona kuwa sai ta shiga wani hawa da sauka da har yau ba ta fita ba. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, manyan mutane suka yi rububin neman fili a Kadawa, kuɗin haya ya tashi. A 1992 aka janye hanin, alkamar waje ta dawo, aka watse. Tumatir ya karɓi fage, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da manyan motocin da ke lodi zuwa Kudu. A 2016 Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, wadda aka ce za ta iya markaɗa tan 1,200 a rana, manoma suka yi murna. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki ƙurmus, masana'antar ta tsaya, daga nan ta riƙa buɗewa tana rufewa. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya koma shinkafa. Abin da na lura da shi a gidan kawuna shi ne, ko wanne ya zo, yaron gida na biyu ne ke biya. In kasuwa ta yi kyau a cire shi daga aji don ƙwadagonsa ya yi tsada. In ta faɗi a cire shi don babu kuɗin littafi da yunifom.

To ina maganar buri? Yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa gani ba. Muna 'yan shekara takwas, taubashina injiniya yake so ya zama. Ba don ya san ma'anar kalmar ba, sai don yana ganin ma'aikatan ruwa suna zuwa da farar mota su buɗe ƙofar kanal, manyan gari na gaishe su. Muna shekara goma sha biyu ya koma cewa direban babbar mota, mai kai tumatir Legas. Muna sha biyar ya ce dillali a Kwanar Gafan, ko dai ya samu babur nasa na kansa. Ni kuwa a duk tsawon shekarun nan likita nake cewa, don mahaifina ɗan albashi ne kuma a layinmu akwai likita, ina ganin yana fita da safe. Ban zama likitan ba, ga ni nan ina sharhin fim, amma burin ya ja ni har ƙofar kwaleji. Shi nasa burin kullum raguwa yake, yana daidaita kansa da abin da hannu zai iya kaiwa.

Na taɓa yi wa kawuna tsaurin ido a kan wannan, ina ɗan sakandare mai ji da kansa. Na ce, "Kawu, don Allah me ya sa ba za a bar shi ya koma makaranta ba?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗan nan, malamin da ke koya musu, buhun shinkafata yana hannunsa bashi tun bara, yana jiran albashi. Yaron gidan can da ya gama sakandare, tare muke dashe da shi. Shekara goma sha biyu kake so in ba da, a ba ni me?" Ban samu amsa ba a ranar. Yanzu da na girma na gane ba jahilci ne ya yi magana ba, lissafi ne, kuma a ma'aunin wanda ba shi da kowa a ofis lissafin bai karkace sosai ba. Takardar ɗan babban manomi tana da wanda zai kai ta inda za a duba. Ta ɗan ƙwadago a ƙarƙashin katifa take kwana. Inda nake ganin Kawu ya yi kuskure shi ne, noman kansa ya koma na masu karatu. Rubutun jikin kwalbar maganin feshi, takardar bashin banki, rajistar ƙungiyar masu shan ruwa, awon taki, duk wanda bai iya karatu ba sai ya nemi mai karanta masa, kuma mai karanta maka ba kullum yake karanta maka gaskiya ba.

Dokoki kam ba a rasa su ba. An ƙaddamar da UBE a 1999, aka yi mata doka a 2004, wadda ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. A 2019 gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma tilas, a watan Yuni na 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Su ma magudanun ruwan, waɗanda ciyawar kacalla da yashi suka toshe shekara da shekaru, an gyara su da bashin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Duk alheri ne. Amma kalmar kyauta tana nufin ba za a karɓi kuɗi a hannun uba ba ne kawai. Ba ta mayar masa da ladan korar tsuntsun da yaron zai kawo da yamma, wanda wani lokaci shi ne kuɗin cefanen gidan.

A nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan'uwana masu fim da masu littafi. Ba mu guje wa maganar talaka da mai kuɗi ba, ai ita ce jarinmu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a kanta ya ginu, haka Sangaya, ɗan sarki da 'yar aiki. Amma kusan kullum a falo muke yin ta, kuma da aure muke warware ta. In baƙauye ya shigo fim, ya zo ne da tsohuwar hula da washe baki don a yi dariya. Alhali ga labari nan a bakin titi. A Bagauda, inda aka tare ruwan farko da ya shayar da Kadawa, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan suna zuwa, sanye da fari da baƙi. 'Yan kilomitoci kaɗan daga ƙofarta akwai yaran da ba su san me ake yi a ciki ba. Mai ba da umarnin da zai ajiye kyamara tsakanin waɗannan biyun, ba ya bukatar waƙa ko ɗaya.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida Kawu, tsufa ya kama shi sosai. Taubashina yanzu magidanci ne, yana noma rabin eka ta haya, yana kuma taɓa dillanci in kakar tumatir ta zo. Babban ɗansa yana aji biyu, ya kawo mini littafinsa in gani, lissafi goma ya ci goma. Na tambaye shi me yake so ya zama, ya ce injiniya. Uban ya yi dariya ya ce, "Ka ji shi, ɗan birni. Irin haukana ya gado." Na ce to bana in shinkafa ta yi kai, wa zai kori tsuntsu? Ya yi shiru, ya dubi yaron, ya dubi ƙasa. Can ya ce ya ji ana sayar da wata raga da ake lulluɓe gona da ita, in na koma Kano in tambayo masa kuɗinta.